Yadda Ake Tantance Mai Shago, Manaja da Yaron Shago Tun Kafin Riba Ta Shigo

A wani gidan burodi da na riƙe wa littafin kuɗi a cikin birnin Kano, wa da ƙane ne suke juya harkar. Wan shi ya kawo yawancin kuɗin, ƙanen kuma shi ke kwana a bakin tanda. Shi ke sayo fulawa a kasuwar Singa, shi ke fama da direbobin da ke raba burodi, shi ake tasa da tsakar dare in injin kwaɓi ya tsaya. An buga masa kati an rubuta MD, wato manajan darakta, a ƙarƙashin sunansa, ma'aikata kuma oga suke ce masa. Da Allah ya yi wa wan rasuwa aka zauna rabon gado, sai ƙanen ya ce rabin gidan nasa ne, haka suka yi da marigayi. Magada suka ce ya kawo shaida. Matar marigayin kuma, wadda ba a taɓa jin bakinta a harkar ba, ta ce tandar da kuɗin gwal ɗinta aka saye ta. Na yi imani kowannensu abin da ya sani yake faɗa, amma littafin da ke hannuna ciniki kawai yake nunawa, bai nuna mai shi ba. Har yau 'ya'yan gidan ba sa gaisawa da baffansu yadda ya kamata, kuma abin yana ci mini rai.

Abu uku ne suka cakuɗe a gidan nan, kuma su ke cakuɗewa a yawancin shagunanmu: wa ke da dukiyar, wa ke yanke magana, wa ke yin aikin. Kowanne da ladansa daban. Mai dukiya riba yake ci, asara kuma a kansa take. Mai aiki albashi yake ci ko kamasho. Mai yanke magana amana yake riƙe da ita, kuma za a tambaye shi. Mutum ɗaya yana iya sa hulunan nan uku a rana ɗaya, amma dole a san wace hula ce a kansa lokacin da ya miƙa hannu cikin durowar kuɗi. Kakanninmu fatake da ke zuwa Gwanja sayo goro sun san wannan sarai. Ayari yana da madugu mai shugabanci, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki, kowa da aikinsa sananne, kuma shugabancin madugu bai sa goron da ke kan jakunan sauran fatake ya zama nasa ba.

Mataki na farko: zaman fayyace abin da kowa ya kawo

A tara duk wanda kuɗinsa ko kayansa ko ƙarfinsa ya shiga harkar, a zauna wuri ɗaya da takarda da biro, da shaidu biyu waɗanda ba su da ko sisi a ciki. Kada a bari sai an fara ciniki. Tun ran gini ran zane. In kuma harkar ta riga ta yi nisa, a yi zaman a makon nan, tun fuskoki suna sake.

A rubuta abin da kowa ya kawo ɗaya bayan ɗaya: tsabar kuɗi, shago, janareto, babur, keken ɗinki, firiji, har da lambar wayar da abokan ciniki suka saba kira. Duk abin da ba kuɗi ba a yi masa kima a ranar, da bakin wanda ya san kasuwar kayan, kada a bar mai shi ya yanka da kansa. Shago kuwa yana da hanya biyu, kuma sai an zaɓi ɗaya: ko dai a ɗauke shi haya ana biyan mai shi duk shekara, ko a ƙiyasta kuɗin hayar na wasu shekaru a sa shi cikin jari. Abin da ke kawo fitina shi ne a ce wai shago ai na gida ne, sai bayan shekara biyar mai ginin ya tuna cewa bai taɓa karɓar haya ba.

Kunya ce za ta so hana wannan zama. Ƙane zai ji nauyin cewa Yaya a rubuta, mace za ta ji nauyin tambayar maigidanta takarda. Ga abin da nake ba mutane shawara su faɗa: Yaya, ba don ni da kai ba ne, don yaran da za mu bari ne. Ban taɓa ganin dattijon kirki ya ƙi wannan magana ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka wanda ya nemi a rubuta bai yi rashin ladabi ba.

Mataki na biyu: kowane kuɗi a kira shi da sunansa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Kuɗin da ya shigo shago ba ya wuce ɗaya daga cikin huɗu, kuma kalmar da muka saba da ita, wato na ba shi ya juya, ba ta bambance su.

Akwai kyauta. Uba ya ba ɗansa kuɗi ya ce je ka nemi na kanka. Wannan ya fita hannun uba, ba shi da riba, ba shi da ta cewa. Amma a rubuta cewa kyauta ce kuma ɗan ya karɓa, domin ranar gado sauran 'yan'uwa za su tambaya, kuma suna da haƙƙin tambaya.

Akwai rance. Mai rance abin da ya bayar za a mayar masa, ba ƙari ba ragi, ko shago ya ci ko ya faɗi. Bai zama mai shago ba, ko da kuɗinsa ya fi na kowa yawa. A rubuta ranar biya.

Akwai kuɗin juyawa na gaskiya, wanda littattafan fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaure suke kira ƙiradi, bankunan Musulunci kuma suke cewa mudaraba. Ɗaya ya kawo kuɗi, ɗaya ya kawo ƙarfi da sanin kasuwa. Ƙa'idarsa a fili take. Rabon riba da kaso ake yankawa, rabi da rabi ko kashi ɗaya cikin uku, ba a cewa duk wata ka ba ni dubu hamsin. In aka yi asara ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai kuɗi ne ke ɗaukar asarar kuɗin, mai juyawa kuma wahalarsa ce ta tafi a banza. Ba a ɗora wa mai juyawa lamunin uwar kuɗi. Sannan mai kuɗi ba ya zuwa ya zauna a kan benci yana ba da umarni. Mutane da yawa suna son ribar ƙiradi haɗe da kwanciyar hankalin rance, su ce a juya musu amma kada uwar kuɗi ta taɓu. Wannan ba ya halatta, kuma shi ne ke raba abokai a Kwari da Sabon Gari duk lokacin da farashin dala ya motsa kaya suka kwanta.

Na huɗu shi ne tarayya, inda kowa ya zuba jari aka zama masu abu tare. A mazhabar Malik riba da asara suna bin gwargwadon jarin kowa. Dokar haɗin gwiwa da muka gada daga Ingila kuwa cewa take, in babu wata yarjejeniya, abokan tarayya daidai wa daida za su raba, kuma babu mai haƙƙin albashi a cikinsu. Ka ga ke nan wanda bai rubuta komai ba ya bar makomarsa ga irin kotun da aka kai ƙarar.

Bari in tsaya a kan kuɗin mata, don a nan na fi ganin zalunci, sau da yawa ma ba da niyya ba. Mace ta sayar da gwal, ko ta kwashi adashi, ko ta karɓi gadon mahaifinta, ta miƙa wa miji ko ɗan'uwa. Ba a ce rance ba ne, ba a ce jari ba ne. Ana ba ta ɗan wani abu da salla. Ranar da mijin ya rasu, dukiyar duka ta shiga gado, ita kuma in akwai 'ya'ya tumunin takaba kawai za ta samu, kashi ɗaya cikin takwas, wanda za su raba da kishiyoyi in akwai su. Alhali kuɗinta ba gado ba ne, haƙƙinta ne da ya kamata a cire tun kafin a fara rabo. 'Yar'uwa, kafin kuɗin ya bar hannunki ki tambaya: Maigida, rance ne ko jari? Kowanne ya zaɓa a rubuta. Kai kuma maigida, kai ya kamata ka fara kawo maganar, don ka san ita nauyinka take ji.

Mataki na uku: lissafin kaso, da raba albashi da riba

Mu ɗauki misalin gidan burodi irin wancan. Wa ya kawo naira miliyan 6, ƙane miliyan 2, matar wan ta kawo miliyan 2 a matsayin jari. Jimla miliyan 10. Kaso ya zama 60 da 20 da 20 cikin ɗari. Ƙanen ne ke tsaye a kan aikin, don haka an yanka masa albashin naira 120,000 a wata. A ce bayan an cire kuɗin fulawa da sukari da itace da mai da albashin sauran ma'aikata, an samu rarar 500,000. A fara cire albashinsa, saura 380,000. A ajiye 80,000 don gyaran inji da ranar da kasuwa ta yi sanyi. Saura 300,000 ita ce ta rabo: wa 180,000, ƙane 60,000, matar wan 60,000. Ƙanen ya tashi da 180,000, amma ta ƙofa biyu ta zo masa, kuma ya san ko wacce. In gobe ya gaji ya bar aikin aka ɗauko wani manaja, albashin ya bi sabon manaja, kashi 20 ɗinsa yana nan. In wata ya zo babu riba, albashinsa yana nan, don ya yi aikin.

A rubuta maganar albashin a takarda daban da ta tarayya. Malaman zamani masu duba harkar kuɗi ta Musulunci sun yarda abokin tarayya ya karɓi albashi a kan aikin gudanarwa in an ƙulla shi a yarjejeniya mai zaman kanta, wadda za a iya warwarewa ba tare da an rushe tarayyar ba. A ƙiradi kuwa mai juyawa kasonsa na riba shi ne ladansa.

Ko kai kaɗai ne mai shago, ka yanka wa kanka albashi. Cefanen gida daga albashin zai fito, ba daga durowa ba. Shagunan da na gani sun mutu a tsaye, kanta cike da kwalayen da babu komai a ciki, yawancinsu cefane da biki da suna ne suka cinye uwar kuɗin a hankali, mai shi yana ganin riba yake ci.

Mataki na huɗu: a jera ayyuka, sannan a raɗa suna

Kada a fara da muƙami. A ɗauki takarda a rubuta duk abin da ake yi daga buɗe shago zuwa rufewa: sayo kaya, karɓar kaya da ƙirga su, sayarwa, karɓar kuɗi, kai kuɗi banki, ba da bashi, bin bashi, rubuta littafi, biyan ma'aikata, amsa jami'an haraji da na ƙaramar hukuma, amsa saƙonnin WhatsApp. A gaban kowane aiki a sa sunan mutum ɗaya tak. In aka sa biyu, ranar da abu ya lalace kowa zai nuna ɗan'uwansa.

Abu ɗaya ne ba na sassauci a kansa: mai karɓar kuɗi ba shi ne mai rubuta littafi ba, mai sayo kaya kuma ba shi ne mai ƙirga su a sito ba. Ba zargi ba ne, kariya ce ga mai gaskiya, don ranar da lissafi ya ƙi fita yana da wanda zai wanke shi. In ku biyu ne kacal, to ɗaya ya riƙe kuɗi ɗaya ya riƙe littafi, ku haɗa su kowane dare kafin a sa kwaɗo.

Bayan an gama wannan ne suna zai zo da kansa. Mai riƙe kuɗi kashiya ne ko ma'aji. Mai littafi akawu. Mai kula da kaya mai sito. Wanda ke tsaye a kan kowa, yake iya ɗauka da sallama da yanke farashi, shi ne manaja. Dillali da ɗan kamasho ba ma'aikatan shago ba ne, la'ada suke ci a kan cinikin da suka kawo, kuma a faɗi adadinta tun kafin ciniki ya faɗa.

Su CEO da MD da ciyaman da matasa ke rubutawa a Instagram ba laifi ba ne, amma a san nauyinsu. Suna ba ya ba da mallaka, kamar yadda katin MD bai ba wancan ƙanen ko bulo ɗaya na gidan burodi ba. Sai dai suna yana iya jawo bashi. In ka gabatar da yaronka ga dilan fulawa ka ce ga manajana, ya je ya karɓo buhu ɗari bashi da sunan shago, dila yana da hujjar bin ka, don kai ka nuna masa cewa yaron yana da wannan iko. Haka in ka bari ana kiran ka abokin tarayyar wani a gaban masu ba shi kaya kana jin daɗi ba ka musa ba, suna iya biyo ka ranar da ya gudu. Kada ka ba mutum sunan da ba ka shirya biyan bashin da zai ci da shi ba.

Mataki na biyar: iyakar ikon kowa, da maganar banki

A yanka wa manaja iyaka da adadi. Misali, yana iya kashe har naira 200,000 ba tare da ya tambayi kowa ba, abin da ya haura sai da yardar masu jari. Cin bashi da sunan shago, sayar da inji, buɗe reshe, shigo da sabon mai jari, waɗannan ba na manaja ba ne ko kaɗan. A rubuta wa ake ba kaya bashi, har nawa, zuwa yaushe.

A buɗe asusun banki da sunan kasuwancin, a daina karɓar kuɗin ciniki a asusun wani mutum. Lokacin buɗewa banki zai tambaya wa zai sa hannu, kuma ko mutum ɗaya ya isa ko sai biyu sun haɗu. Ga ƙananan kuɗi ɗaya ya isa, ga manya a ce sai biyu. A yau ma sa hannu bai kai layin waya muhimmanci ba, domin wanda lambar sirri ke shigowa wayarsa shi ke riƙe da asusun a zahiri. Na'urar POS ta Moniepoint ko OPay da aka buɗe da BVN ɗin yaron shago, a idon kamfanin tasa ce. Shafin Facebook da layin WhatsApp da abokan ciniki suka sani su ma dukiya ne. A yi rajistarsu da sunan mai shago, a bar saƙon shigar kuɗi yana zuwa wa mutum biyu.

Mataki na shida: rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni

Sai an gama duk na sama ake zuwa nan, domin hukumar abin da kuka gaya mata take rubutawa, kuma abin da ta rubuta shi kotu za ta fara dubawa. Dokar kamfanoni ta CAMA da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Agustan 2020, wadda ta maye gurbin ta 1990, ta sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa abubuwa da dama.

Hanya mafi sauƙi ita ce rajistar sunan kasuwanci, mai lambar da ke farawa da BN. A nan babu darakta, babu hannun jari. Akwai mai kasuwanci, ko abokan tarayya in sun fi ɗaya. Doka ba ta raba mutum da shagonsa a wannan tsari, don haka bashin shago yana iya bin ka har gida, har gona. In ku biyu ne a takardar, bashin da ɗaya ya ci da sunan harkar yana kan ku duka. Ga mai shayi ko tela ko mai kanti shi kaɗai, wannan ta wadatar.

In masu jari sun kai biyu ko uku kuma kuɗin yana da kauri, na fi son kamfani mai Limited a ƙarshen sunansa, mai lambar RC. Shi doka tana ɗaukarsa kamar mutum mai zaman kansa: yana mallaka, yana cin bashi, ana kai shi ƙara, kuma ba ya mutuwa don mai shi ya mutu. A nan ne hulunan nan uku suke rabuwa a rubuce. Masu hannun jari su ne masu kamfani. Daraktoci su ke tafiyar da shi, kuma ba dole darakta ya mallaki ko hannun jari ɗaya ba sai in ƙa'idojin kamfanin sun ce haka. Manajan darakta, wato MD, darakta ne da aka ɗora wa aikin yau da kullum. Tun daga dokar 2020 mutum ɗaya yana iya kafa kamfani shi kaɗai, ƙaramin kamfani yana iya zama da darakta ɗaya, kuma ba a tilasta masa naɗa sakatare ba. Mafi ƙarancin jarin da ake rubutawa ga kamfani mai zaman kansa naira 100,000 ne, masu hannun jari kuma ba sa wuce 50. Darakta sai ya kai shekara 18. Duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin ɗari ko fiye, sai an bayyana sunansa ga hukumar a matsayin mai faɗa a ji a kamfanin.

A lura da lissafin ƙuri'a tun kafin a raba hannun jari. Shawarar yau da kullum, har da cire darakta, rinjaye mai sauƙi take buƙata, wato abin da ya haura rabi. Manyan sauye-sauye kamar canja sunan kamfani ko ƙa'idojinsa sai da kashi uku cikin huɗu. A misalinmu na 60 da 20 da 20, wan shi kaɗai yana iya sauke ƙanensa daga darakta, amma ba ya iya canja ƙa'idojin kamfani sai ɗayansu ya goya masa baya. Rabi da rabi kuwa yana da daɗin faɗa tsakanin aminai, sai dai ranar da suka saɓa babu mai rinjaye, komai ya tsaya cik. Masu son rabi da rabi su rubuta sunan wanda zai raba gardama, dattijon kasuwa ko malamin da dukkansu suke jin maganarsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika fom da sunan aro. A ce wa wakilin da ke yin rajista ya sa sunan ɗan wane ko ƙanin wance don a cike gurbi. Wanda aka rubuta da kashi 30, a idon doka yana da kashi 30, ko bai kawo ko kwabo ba, kuma cire shi sai da sa hannunsa ko da shari'a. Ma'aikatan gwamnati su ma su kula: kundin tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci tafiyar da kasuwanci mai zaman kansa in ba noma ba. Yana iya mallakar hannun jari, amma kujerar gudanarwa ta wani ce. Kafin a biya kuɗin rajista, kowa ya karanta sunansa da kasonsa da idonsa. Bayan rajista kuma akwai rahoton shekara da ake kai wa hukumar, wanda in aka yi sakaci tara take taruwa. Sannan kada kalmar Limited ta ruɗe ka: banki yakan sa darakta ya tsaya wa bashin kamfani da kansa, in ka sa hannu a wannan takarda kariyar ta tafi.

'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai tsarin OHADA suke bi, wato dokar kasuwanci ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, yawancinsu masu amfani da Faransanci. Rajistarsu RCCM ce, ƙaramin kamfani SARL, mai tafiyar da shi kuma ana ce masa gérant, wanda zai iya kasancewa cikin masu jari ko a ɗauko shi daga waje. Sunaye ne suka bambanta, rabuwar mai dukiya da mai gudanarwa tana nan yadda take.

Mataki na bakwai: yaron shago

Wannan shi ne mutumin da ya fi kowa rashin suna a kasuwarmu. Ba ma'aikaci ba ne sosai, don sau da yawa ba shi da albashi sai kuɗin abinci da na mota. Ba ɗa ba ne, don ba ya gado. Ba abokin tarayya ba ne, ko da ya shekara goma sha biyar yana buɗe shago. Yana zaune ne a kan fata, cewa wata rana Alhaji zai yi masa aure ya ba shi jari ya sallame shi. Iyayen gida da yawa sun cika wannan alkawari, kuma manyan 'yan kasuwa da dama a Kano ta wannan hanya suka tashi. Amma alkawarin da ba shi da rana yana mutuwa tare da wanda ya ɗauke shi, magada kuma ba su san da shi ba. 'Yan kasuwar Ibo da muke maƙwabtaka da su a Sabon Gari sukan yanka shekarun da yaro zai yi tun ranar da aka kawo shi, a gaban iyayensa, kuma kowa ya san da sallama a ƙarshe. Wannan abin koyi ne.

Ranar da aka kawo maka yaro, ka zauna da mahaifinsa ko wanda ya tsaya masa. A faɗa a fili: koyo ya zo yi ko aikin albashi? In koyo ne, shekara nawa, me zai riƙa samu a tsakani, da me za a sallame shi, kuɗi ko kaya ko shago? In ya tafi kafin lokaci fa, ko kai ka rasu kafin lokaci? In aikin albashi ne, dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku da farawa. Shafi ɗaya ya isa: aikinsa, albashinsa, ranar biya, da kwana nawa za a sanar kafin rabuwa.

In yaro ya ƙware har kana tsoron ya tafi da abokan cinikinka, kada ka riƙe shi da kalmar ai shagon nan naka ne. Ka zaɓi abu na gaske. Ko kamasho a kan abin da ya sayar, ko ka buɗe masa reshe a kan ƙiradi da kaso sananne, ko ka sayar masa da wani kaso na jarin yana biya a hankali daga abin da yake samu. Kowanne ka zaɓa, ka koma mataki na biyu ka kira shi da sunansa.

Mataki na takwas: fita, da mutuwa

Takardar tarayya ba ta cika ba sai ta amsa tambaya uku. In ɗaya yana son fita, wa zai fara sayen kasonsa, kuma wa zai yi masa kima? A ba abokan tarayya dama kafin bare, a ba su wa'adin biya kashi-kashi don kada fitar mutum ɗaya ta durƙusar da harkar. In ɗaya ya daina aiki saboda ciwo ko tafiya, albashi ne ke tsayawa, kaso yana nan. In ɗaya ya rasu, tarayyar da ba kamfani ba tana warwarewa sai in an yi yarjejeniyar ci gaba, a kamfani kuwa hannun jarinsa ne ke komawa ga magada. Magada suna gadon kaso, ba sa gadon kujerar manaja ko ta darakta, wannan sai masu jari sun naɗa.

A sa rana ɗaya a shekara ta ƙirga kaya da duba takardun nan. Yawancin 'yan kasuwarmu suna da watan da suke lissafin zakka, to a haɗa su a zama ɗaya, tunda dama sai an san uwar kuɗi da kaya da bashin da ke waje kafin a fitar da ɗaya bisa arba'in. A ranar a duba ko wani ya ƙara jari, ko aikin wani ya canja, ko albashin manaja ya tsufa. Duk abin da aka sauya a rubuta kwanan wata, kowa ya sa hannu, shaidu su sa. In canjin ya taɓa darakta ko hannun jari, a sanar da CAC.

Takardun kuma kada su kwana a shago kaɗai. Gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a 2016 ta isa ta tuna mana cewa durowar kanti ba ma'ajiya ba ce. A yi kwafi ga kowane mai jari da ɗaya daga cikin shaidu, a ɗauki hoton kowane shafi a tura wa juna ta waya, sannan kowa ya gaya wa mutum ɗaya a cikin iyalinsa inda ya ajiye tasa.